Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Assalamu alaikum mutanen wannan shafi. Masu cika mini akwatin saƙo da cewa na iya jan rai, ku yafe ni, wallahi hannuna ne ya ƙi rubutu kwana huɗu. Wanda bai san ni ba kuma, sunana Balki, 'yar Jibiya ce ni gaba da baya. Gidanmu na kan hanyar da ke fita Magama, inda in ka tsaya a ƙofar zaure kana jin hon ɗin manyan motoci masu jiran a buɗe musu su tsallaka Nijar. Shekarata ashirin da shida, ina digiri na biyu a fannin hoton asibiti a birnin Katsina, kuma akwai wani direba da nake so tun ban san sunan abin da nake ji ba. Yau zan faɗa muku yadda aikina ya tona masa asiri, ni kuma ya jefa ni tsaka mai wuya.

Bari in fara da aikin, don ko Innarmu sai da na yi mata bayani sau uku. Akwai injin da ake kira MRI, wani ƙaton maganaɗisu ne mai rami a tsakiya, ana kwantar da mutum a tura shi ciki a ga cikin jikinsa ba tare da an tsaga shi ba. Ni ba hoto nake nema ba. Jinin mutum yawancinsa ruwa ne, kuma da zarar ya shiga injin nan, 'yan ƙwayoyin da ke cikin ruwan sai su fuskanci wuri guda kamar sahun salla. Sai in aika musu da igiyar rediyo ta ture su, sannan in auna tsawon lokacin da za su ɗauka kafin su koma sahunsu. Lokacin nan bai kai daƙiƙa biyu ba, amma shekara biyu ke nan ina binsa. A babbar jijiyar wuya nake aunawa, wadda ke ɗauko jini daga zuciya ta kai ƙwaƙwalwa. Jini mai kauri, mai yawan jajayen ƙwayoyi, da wuri yake komawa. Wanda ya tsinke kuwa jan ƙafa yake yi.

Amfaninsa shi ne likitoci na buƙatar wannan lamba in za su gane ko jini yana isa ƙwaƙwalwar yaro mai sikila yadda ya kamata. Lambobin da ke cikin littattafanmu kuwa can wata duniya aka auna su, wasu ma da jinin shanu. Da na faɗa wa Inna haka, ta ajiye mucciya ta dube ni.

"Yanzu ke dut bokon nan, abin da za ki gano shi ne mu ba shanu ba ne?"

Na ce eh, Inna, kuma da takardar shaida.

Mutum talatin masu lafiya nake buƙata, kowa a auna shi sau biyu, tsakani mako uku, don a tabbatar ma'aunin ba ya rawa. Samun mutanen ya fi aikin wuya. Wasu sun ce injin yana zuƙe jini, wasu sun ce yana hana haihuwa. Ba ma rubuta sunan kowa a sakamako, lamba muke ba su. Mai lamba goma sha bakwai shi ne Mudathir, direban nan da na faɗa muku.

Katanga ɗaya ce ta raba gidansu da namu muna yara, ita ma akwai inda ta zube, ba wanda ya damu ya gyara don ta nan ake miƙo kwanon tuwo. Mahaifinsa, Baba Lawwali, mutumin Maraɗi ne, direban babbar mota, abin da su suke kira kamiyo. Babanmu, Malam Abu, ɗinkin tamfol ɗin rufe kayan motoci yake yi a bakin iyaka, can suka haɗu suka zama kamar ciki ɗaya. Har yau in na ji ƙamshin dogon burodin nan na Nijar sai hawaye su taru mini. Baba Lawwali zai dawo da shi a ƙarƙashin hammata, da cuku, da dabino a ƙullin leda, ya tsaya a tsakar gidanmu kafin ma ya shiga nasa yana kiran "ina amaryata Balki?" Yayana Yusha'u da Mudathir keke ɗaya gare su, ba wanda ya san na wane ne. Sukan hau su biyu su nufi bakin iyaka, ni ina binsu a guje ina kuka da ɗankwali a hannu. Yaya Yusha'u ya ce a ƙyale ni in gaji in koma. Mudathir ne ke taka birki, ya ɗora ni kan ƙarfen gaba, ya ce in riƙe ƙararrawa kar in taɓa komai. A lokacin ba wanda ke tambayar yara takarda. Ma'aikatan duwan, wato kwastan na can ɓangaren, sunanmu suke kira, har su ba mu alewa. Ban taɓa sanin cewa ƙasa biyu muke zagayawa ba sai da na shiga aji huɗu.

Su biyun duk a hannun Baba Lawwali suka koyi tuƙi, kowa ya samu motarsa. Shekara bakwai da suka wuce, da damina, motar Yaya Yusha'u ta kife gab da shigowa gari. An kai shi asibiti da ransa. Jini ya zuba da yawa, nasa kuma irin mai wuyar samu ne, wanda ake kira O negatif, irin na Baba. Baba ya ba da leda ɗaya, ba ta isa ba, kafin a samo wata Allah ya karɓi abinsa. Tun ranar Baba ya naɗe keken ɗinkinsa ya kawo gida, bai sake taka bakin iyaka ba. Da aka rufe iyakar a shekarar da ta biyo, su Baba Lawwali suka koma Maraɗi, can ya rasu. Wanda ya sayi gidansu abin da ya fara yi shi ne gyara katangar.

Mudathir bai bar hanya ba, ni ma bai bar ni ba. Wata biyu da suka wuce kawunnansa suka zo daga Maraɗi neman aurena. Ina bayan labule na ji abin da Baba ya ce musu.

"Yaron nan a hannuna ya girma, ba ni da abin zargi gare shi ko ɗaya. Amma ni na san zaman jiran mota. Ba ni son in ba ɗiyata wanga zama. Ku ba ni lokaci."

Ƙanwar Baba kuwa, Gwaggo Fati, ta samu abin yi. Kullum da hoton wani a wayarta, yau ma'aikacin banki, gobe malamin jami'a mai tumbi. "Ke da za a kira dakta, ki ƙare da wankin rigar baƙin mai?" Ni dai sai in yi dariya in ce Gwaggo ai akwai omo.

Ranar awonsa na farko ba zan manta ba. Ya zo cikin farar shadda mai ɗinkin Maraɗi, da hula zanna, yana ƙamshin turare da ɗan ragowar gas da ba ya barin hannun direba. Na ce duk wani ƙarfe a jikinsa ya fito da shi, don injin nan ba ya wasa. Ya fara zazzagewa a tire: makullai, agogo, zoben azurfa, sulallan sefa, abin yankan farce, har da wata 'yar sifana.

"Ita wannan me take yi a aljihun shadda?"

"Ba a san inda mato za ta tsaya ba, lokotoro."

"Ni ba likita ba ce tukuna."

"Gare ni kin daɗe da zama."

Na sha mur don ma'aikacin ɗakin yana kallonmu. Na karanta masa tambayoyin takarda ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo hannu aka ɗebi ɗan jini don a ga kaurinsa, ya kwanta na ɗaura masa abin awo a wuya. Kafin in tura shi ciki ya ce, "In na shiga za ki ga abin da ke cikin zuciyata?" Na ce wuya kawai nake dubawa, kuma kar ya haɗiye yawu sai na ce. Injin ya fara ƙwanƙwasa kamar ana daka a gida goma. Da ya fito ya ce in faɗa wa masu shi a duba masa mai, ƙararsa ba ta lafiya ba ce. Lambarsa ta fito 1,410, wato ƙasa da daƙiƙa ɗaya da rabi, tsaf, irin ta namiji mai ƙoshin lafiya.

Bayan kwana huɗu, ran Juma'a, Baba ya dawo daga masallaci ya yanke jiki ya faɗi a zaure yana aman jini. Gyambon cikin da ya daɗe yana ɓoye mana ne ya fashe. Ina Katsina Inna ta kira ni, abin da kawai na fahimta cikin kukanta shi ne "jini, Balki, sun ce jini." Ni nawa bai dace da nasa ba, na Inna ma haka. Tun daga tasha har Jibiya ina kiran duk wanda na sani, ina ganin ranar Yaya Yusha'u tana dawowa. Ko da na shiga ɗakin asibitin garinmu, sai na tarar da leda rataye, jini na sauka a hannun Baba ɗigo-ɗigo. Na tambayi nas ɗin daga ina. Ta ce wani bawan Allah ne, ya roƙa kar a faɗi sunansa.

Na duba waya, ga saƙon Mudathir: "Na ji abin da ya samu Baba. Duwan sun riƙe mu, ban samu shigowa ba. Allah shi ba shi lafiya."

Jama'a, na ji haushi. Na rubuta "Amin" kawai, ko alamar zuciya ban saka ba.

Bayan kwana tara aka mayar da Baba babban asibitin birni don a yi masa aiki, aka ce sai an tanadi wata leda. Muka shiga neman duniya. Da safe aka ce an samu, shi ma mai bayarwar bai bar suna ba. Inna ta ɗaga hannu sama ta ce har yanzu akwai mutanen Allah a ƙasar nan. Aiki ya yi kyau. Sai washegari Mudathir ya zo dubiya, cikin riga mai dogon hannu duk da zafin da ake yi, ya tsaya a bakin ƙofa ya gaida Baba, bai yi minti uku ba ya ce ana jiransa. Gwaggo Fati ta taɓe baki tun bai gama fita ba.

"Kin ga direban naki? Ko zama bai yi ba. Haka za ki ƙare, kina kwance shina hanya."

Ranar ban ce akwai omo ba. Banɗaki na shiga na yi kukana.

Da mako uku suka cika ya zo awo na biyu, ni kuma na karɓe shi kamar ban taɓa ganinsa ba. Na karanta tambayoyin ba tare da na ɗaga kai ba.

"Ka yi zazzaɓi tun zuwanka na farko?"

"A'a."

"Ka sha wani magani?"

"A'a."

"Ka ba da jini cikin wata ukun nan?"

"A'a."

Da za a ɗebi jini ya ce a soki ɗan yatsa, hannunsa na ciwo, taya ya canza jiya. Rigar auduga ce a jikinsa mai dogon hannu, ba maɓalli ba zip, don haka ban sa ya cire ba. Bayan an gama, da ya tashi daga gadon injin, na ga ya dafa bango ya rufe ido. Ya ce yunwa ce. Na ce akwai mai shayi a bakin get, na juya na koma kan kwamfuta. Allah ya yafe mini.

Ran Talata na zauna haɗa sakamako. Kowa awonsa biyu sun yi kusa da juna, bambancin ashirin ko talatin. Na zo kan goma sha bakwai na ga 1,530. Na goge tabarau na sake dubawa. Na sake lissafin daga farko. Yana nan. Na ɗauki kwamfutar na tafi ofishin malamata, Dakta Na'ima, mace mai ƙaramin jiki da ba ta ɓata kalma.

"Ko injin ya yi ƙarya, ko mutumin ya yi ƙarya," in ji ta. "Fara da injin."

Muna da wata kwalbar ruwan gwaji da muka san lambarta, kullum da ita muke fara aiki. Na duba ta ranar, daidai take. Na sauka ɗakin gwajin jini na karɓo takardarsa. Kaurin jininsa a zuwan farko arba'in da biyar ne. Yanzu talatin da bakwai.

Dakta ta duba ta ce, "Wannan ya rasa jini, kuma ba kaɗan ba. Cire shi daga lissafi, ki kira shi ya ga likita. Kuma Balki, kin san ƙa'ida. Abin da kika gani a nan amana ce tsakaninki da shi. Ko mahaifiyarsa ba ki da ikon faɗa wa."

Ba ta san wane ne goma sha bakwai ba. Ni kuwa ina ta kawo cututtuka a raina, har na kai kan matakala. Nan na tsaya cak. Riga mai dogon hannu. Ɗan yatsa. Dafa bango. Na zauna a kan matakalar da farar rigar aikina, mutane na ratsa ni suna wucewa.

A ranar kuma Inna ta kira ta ce Baba ya aika wa kawunnan Mudathir su zo ran Juma'a su karɓi amsa.

Ran Alhamis na hau motar Jibiya. Na sa atamfata ruwan ganye da ya taɓa cewa tana yi mini kyau, sannan na ji haushin kaina na rufe ta da dogon hijabi. A hanya na tura masa saƙo.

"Kana ina?"

"Magama, muna lodi. Gobe da sassafe in kai kaya Maraɗi. Lafiya?"

"Kar ka motsa."

"Ko yawu ba ni haɗiyewa, lokotoro."

Rabona da bakin iyaka tun rasuwar Yaya. Wurin ya canza, shinge ya ƙaru, masu kaki sun ƙaru, amma bishiyar da Baba ke ɗinki a ƙarƙashinta tana nan, wani mai cajin waya ya kafa rumfa a wurin. Na same shi a inuwar motarsa kan tabarma, yana firfita garwashin shayi. Da hasken rana na ga abin da fushi ya hana ni gani: leɓɓansa sun yi fari, idonsa ya faɗa.

"Naɗe hannun rigarka."

"Balki, mutane na kallo."

"Su kalla. Naɗe."

Ya naɗe na dama. Ga tabon allura a lanƙwasar hannu, irin babbar allurar nan. Na ce ɗayan. Ya daɗe yana kallon garwashi kafin ya naɗe na hagu. Shi ma ga shi, har da sauran shatin kwanciyar jini.

Na durƙusa a gefen tabarmar.

"Sau biyu cikin kwana tara? Ba ka san sai bayan wata uku ake sakewa ba? Wa ya yarda ya ɗiba?"

"Na birni ba su san na ba da a nan ba. Sun tambaya, na ce a'a, na miƙa masu wanga hannu."

"Kamar yadda ka ce mini a'a."

"Ke injinki ya fi su wayo."

"Kana tuƙa tan talatin a haka! In jiri ya ɗebe ka a hanya fa?"

Ya zuba shayi a ɗan kofi ya ajiye gabana, bai sha nasa ba.

"Balki, ni da Yusha'u jininmu iri guda ne. Tun muna lakwal, 'yan makaranta, munka sani, har muna wasa da shi, muna cewa kowa shi ne bankin ɗan uwansa. Ran da ya faɗi ina can ƙetare, cikin layi, mota ta arba'in. Na bar kamiyo a buɗe na taho da gudu da ƙafa. Ko da na iso an rufe shi da zane." Ya ajiye butar shayin. "Shekara bakwai ina ɗauke da jinin da ba nawa ba. Wagga karon na iso da wuri, shi ke nan."

Na yi kuka har mai cajin waya ya leƙo. Da na samu numfashi na ce, "To gobe za a ba kawunnanka amsa, kuma ka san amsar. Bari in faɗa wa Baba."

"A'a."

"Mudathir!"

"In kin faɗa mashi, kunya ce za ta ba ni ke, ba shi ba. Dut ran da na yi latti a hanya zai zauna shina cewa da ma bai ci bashin jinina ba. Tsoron da shike ji gaskiya ne, Balki, ni ma na san hanyar nan. In zai ba ni, shi ba ni da tsoronsa a hannu. Ki yi mani alkawari ba ki faɗin sunana."

Masu karatu, ku faɗa mini, me za ku yi? Malamata ta ɗaure ni da ƙa'ida, shi ya ɗaure ni da alkawari, kuma magana ɗaya ce tak a bakina da za ta iya juya Baba. Na yi masa alkawarin. Na kuma ce wallahi sai ya ga likita, ya ce in ya dawo daga Maraɗi.

Na isa gida bayan la'asar. Baba na zaune a ɗakinsa kan buzu, ya jingina da bango, ya rame har rigar ta yi masa yawa. Keken ɗinkin na nan a kusurwa an lulluɓe shi da tsohon zanen Inna. Na gaishe shi, ya nuna mini gefensa in zauna.

"Gara ki ji daga bakina kafin ki ji a tsakar gida," ya ce. "Gobe zan ba mutanen Maraɗi haƙuri. Na yi istihara, na yi tunani a gadon asibiti. Ciwon nan ya nuna mani ba daɗewa zan yi ba, kuma ba ni son in tafi in bar ki kina sauraron hon. Ki yafe mani, ɗiyata."

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin hijabi. Hawaye na ɗiga a kan atamfar.

"Sannan ina da roƙo gare ki. Ke kin san kan asibiti, suna jin maganarki. Mutanen nan biyu da suka ba ni jini, ki nemo mani su. Ba kuɗi zan ba su ba, ba ni da shi. So nike in ga fuskarsu in yi masu addu'a da sunansu. Kullum in na ɗaga hannu sai in rasa wa zan ce."

Da na ce to kawai, da an wuce wurin. Na iya yi wa Gwaggo Fati ƙarya, na iya yi wa Inna ƙaramar ƙarya, amma ban taɓa iya yi wa Baba ba.

"Baba, ba mutum biyu ba ne. Mutum ɗaya ne."

Ya juyo gaba ɗaya. "Kin san shi ke nan."

"Na san shi. Amma ya hana ni faɗa, kuma na yi alkawari."

Baba ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake yi wa tamfol yana neman inda ruwa ke shiga.

"Tun kina rarrafe ba ki taɓa ɓoye mani komi ba," ya ce a hankali. "Wanda zai ce ki rufe mani magana, ki kuma rufe, mutum guda ne a duniyar nan."

Ban ce eh ba. Ban ce a'a ba. Allah ne shaidata ban ambaci suna ba, amma har yanzu ban san ko na ci amana ba.

Baba ya ɗaga hannunsa na dama, ya zuba wa jijiyoyin bayansa ido kamar yau ya fara ganinsu. Rabon da in ga hawayensa tun ranar da aka fita da Yaya.

"Shina ina yanzu?"

"Magama. Gobe da sassafe zai kai kaya Maraɗi."

"Da leda biyu a waje?" Muryarsa ta tashi har Inna ta leƙo daga tsakar gida. Ya dafa bango ya miƙe, mutumin da kwana goma sai an riƙe shi yake tashi. Na ce Baba ɗinkin cikinka, ya ture hannuna.

Ya dubi Inna ya ce, "Hasiya, miƙo mani hulata da sandata."

Inna ta ce, "Malam, ina za ka a haka?"

"Bakin iyaka," in ji Baba. "Amsar kawunnansa sai gobe, ni ma ban san ta ba yanzu. Amma makullin motar nan a aljihuna zai kwana."